Rokar da Ta Wuce Ina Cikin Takaba

Ina cikin takaba aka harba rokar. Zan faɗi abin bi da bi yadda ya faru, domin ba na son labarin da ake ɗaukowa daga tsakiya.

Maigidana ya rasu a farkon damina, bayan ya yi jinya tun bazara. Gidanmu yana cikin birni, a wani lungu da ke bayan Dala, inda mai adaidaita sahu ke sauke mutum a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa. 'Ya'yana mata duk suna ɗakunansu. Da aka share makoki, ƙanwar maigidan, wadda yara ke kira Gwaggo har ni ma na bi bakinsu, ta ɗauro kayanta daga Gwale ta zo taya ni zama. Mace ce mai surutu da dariya. Ni ba haka nake ba, amma mun saba tun ina amarya.

Takaba a gidanmu tana da tsari. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba tufafi masu ado, ba kuma taka zaure. Na san akwai malaman da ke cewa mai takaba tana iya fita idan larura ta kama, ban kuma musa musu ba. Amma uwata ba ta fita ba, kakata ba ta fita ba, ni ma ban ga abin da zai fitar da ni ba. Na tsara yinina: salla, shara, wanke-wanke, karatu, sannan in ɗauki hular da nake ɗinkawa har azahar. Bayan la'asar in sake ɗauka. Da haka kwanaki suka riƙa tafiya ba su dame ni ba.

Sai maganar ɗana ta shigo.

Shi ne ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, a nan ma ba zan rubuta shi ba. Haka aka tarbiyyantar da mu: uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Kakarsa ce ta yaye shi, a ɗakinta ya girma. Idan ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni, sai in amsa ina kallon ɗinkina. Idan na ga ya rame, sai in ƙara nama a kwanonsa in aika ƙanwarsa ta kai. Da ya gama jami'a aka ɗauki nauyinsa ya tafi ƙaro karatu ƙasar Turawa. A can ne shi da abokan karatunsa suka ƙera wata 'yar na'ura, ya ce ba ta fi ƙaramin akwatin rediyo ba, wadda za a ɗora a roka a kai ta sararin samaniya ta riƙa duba gajimare da ruwan sama.

Maigidan ya daɗe da ajiye tasa kunyar. Duk Juma'a yaron yana bugo masa waya, shi kuma ya buɗe muryar yadda kowa zai ji, ni ina bakin madafi ina tsince shinkafar da na riga na tsince. A irin wannan hira ce na ji maigidan ya ce masa, ranar da za a harba abin, da ƙafarsa zai hau Dala ya kalla. Da ciwo ya yi tsanani kuma ya ce masa kada ya kuskura ya baro aikin, ko me ya ji.

Bayan rasuwar, wayar ta koma hannun Gwaggo. Idan ya bugo, sai ta miƙo mini. Ya gaishe ni, ya yi mini ya haƙuri, in ce, "Haƙuri sai godiya. Allah ya jiƙansa." In miƙa mata wayarta. Abin da na iya ke nan, kuma a ganina ya isa.

Wata Juma'a, damina ta fara ja da baya, Gwaggo ta daɗe da shi a waya a cikin ɗaki. Da ta fito ba ta yi dariyar da ta saba ba. Ta zauna a gefen tabarmata.

"Yaya, ɗanki fa yana neman tikitin dawowa."

"Hutu suka samu?"

"Wane hutu? Dawowa gaba ɗaya. Saura masa shekara guda, ya ce ya haƙura da ita. Ya ce fushi kike da shi don bai zo jana'iza ba."

Na ce, "A garin nan wa ake jira a jana'iza? Kafin la'asar an kai shi. Ko tsuntsu ne shi ba zai riske ta ba."

"To ki faɗa masa mana."

"Ke ki faɗa masa."

"Na faɗa har bakina ya bushe. Ya ce ni Gwaggo ce, ko ƙarya zan iya yi don in lallashe shi. Kuma wallahi bai yi ƙarya ba." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Ya ce da an harba abin nasu zai tattaro. Na ce ai ka tsaya ka ga amfaninsa. Ya ce, Gwaggo, ai mai kallon ma ya tafi."

Na ci gaba da ɗinki. Sai da na kai ƙarshen layi na ga na saka zaren da ba nasa ba, na warware. Na sake, na sake kuskurewa. Washegari na share tsakar gida, na koma ɗaki, na fito na sake ɗaukar tsintsiya. Gwaggo ta ce idan na ci gaba haka zan share siminti ya koma ƙasa. Na kasa zama, na kasa kwanciya. Na san abin da ya kamata in faɗa wa yaron, na ma jera shi a raina kalma bayan kalma, amma da na ji ƙarar waya sai bakina ya rufe. Abin da aka yi shekara talatin ba a yi ba, ba ya zuwa don kawai an bukace shi.

A ƙarshe na ce wa Gwaggo, "Ki tambaye shi ta ina za a ga abin. Kada ki ce ni na tambaya."

Ta buga masa, ta buɗe muryar, ni kuma na koma bakin madafi. Ya yi bayani a hankali, kamar yadda yake yi wa babansa. Ya ce daga can hayin teku za a harba ta, nesa ƙwarai, ba mai ganin tashinta daga nan. Amma bayan ɗan lokaci kan rokar zai biyo ta saman tekun da ke kudu da ƙasarmu, a nan kuma zai sake kunna wuta. Idan hakan ya faɗo jim kaɗan bayan faɗuwar rana, lokacin da mu muna cikin duhu amma can sama rana tana haskawa, to hayaƙin zai yi fari fat a ga shi daga Kano. Zai ɓullo ta kudu maso yamma, ya riƙa tafiya hagu, ya nufi kudu. Ba zai daɗe ba.

Gwaggo ta ce, "A tsakiyar sama?"

Ya ce a'a, ƙasa-ƙasa. Ya ce mutum ya miƙe hannu sosai, ya dunƙule shi daidai da idonsa, nan ne farko. Sannan ya ɗora wani dunƙulen a kai. A saman dunƙule na biyu abin zai ɓullo.

"Ikon Allah!" in ji Gwaggo. "Ka tafi ƙasar Turawa shekara da shekaru, abin da suka koya maka dunƙule hannu? Ai da ka zauna, 'yan damben garin nan sun koya maka kyauta."

Ya yi dariya kaɗan, wadda na daɗe ban ji ba. Sannan ya ce, "Wa zai duba, Gwaggo?"

Na ɗaga mata yatsa. Ta harare ni, ta ce, "Ni mana. Kana da wata Gwaggon?"

Da yamma na fara awo. Kudu da yammacin gidanmu duk benen maƙwabcinmu Alhaji ne ya tare, bango sumul ba taga ta wajenmu. Na tsaya a tsakiyar tsakar gida na miƙe hannu na jera dunƙule, bangon ya cinye huɗu bai ƙare ba. Na koma bakin rijiya. Na koma lungun madafi, na manna bayana da bango, ya ragu amma bai isa ba. Na kifa turmi na hau, Gwaggo tana riƙe da zanena tana cewa, "Idan wani ya shigo ya gan ki kina kai wa bangon Alhaji naushi, me zan ce masa?" Na sauko. Na bi ko'ina na gidan a jere, daga gabas zuwa yamma, ban tsallake kusurwa ba. Shekarun da na yi a gidan nan ban taɓa lura da ƙanƙantar samanmu ba sai ranar. Ko jinjirin wata ba mu gani daga ciki, sai dai mu ji hayaniyar maza a waje mu san ya tsaya.

Gwaggo ta ce, "Shi ke nan. Ni zan hau Dala in gani in zo in ba ki labari, ke kuma ki ce masa kin gani."

"Ban gani ba in ce na gani?"

"To ki saka hijabi mu fita bayan magariba. Wa zai gane ki?"

"Ni zan gane kaina."

Saura wuri ɗaya. Duk ɗakunan gidan an mayar da su rufin kwano, ban da ɗakin maigidan, wanda ya ƙi a taɓa. Ginin ƙasa ne da rufin azara, yana can kusurwar arewa, nesa da benen. Ya sha gaya mini cewa daga samansa ana hango Goron Dutse. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka yakan hau ya yi yaɓe, ni ina riƙe masa tsani. Bana bai hau ba, yana kwance, kuma rufin ya sha ruwan damina guda ba gyara.

Na bi abin a tsare. Da farko na aiki Gwaggo wurin malamin unguwa ta tambaya ko mai takaba tana iya hawa saman ɗaki. Ta dawo ta ce, "Ya ce saman ɗakinki gidanki ne. Amma bai ce mutane ba za su yi magana ba, wannan ni na ƙara." Sannan na shiga ɗakin na duba azarorin da tocila ɗaya bayan ɗaya. Tsakiya ta ɗan lotsa, gefe yana nan daram. Na tuna yadda maigidan yake yi: ba ya taka tsakiya, gefe yake bi, inda bango ke ɗauke da nauyi. Bayan haka na sa aka fito da tsani aka ƙara masa ƙusa.

Sai sanarwa. A cikin birni ba a hawa sama haka kawai, domin wanda ya hau yana ganin tsakar gidan mutane. Kafin magini ya taka tsani, sai an bi maƙwabta an ce za a hau, mata su kimtsa. Na ce wa Gwaggo ta bi gidajen.

Ta ce, "Yaya, sanarwar nan don maza aka yi ta. Ke mace ce. Ki lallaɓa ki hau ki sauko ba wanda ya sani."

"Idona ido ne. Ba zan leƙa gidan mutane ba su sani ba."

Ta tafi tana ƙunƙuni. Ta ce a kowane gida tambaya ɗaya ce: wane magini ne zai yi yaɓe bayan magariba? Ita kuma ta ce ba magini ba ne, mai takaba ce. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka.

Ranar farko ban ma taka tsanin ba. Ina alwalar magariba yaron ya bugo ya ce an ɗaga, iska ta yi yawa a can. Matar Alhaji, wadda muke kira Hajiya, ta leƙo ta kan katanga daga matakalar benensu.

"Maƙwabciya, watan naku bai tsaya ba?"

Na ce, "An ɗaga."

"Au, shi ma ɗaga shi ake yi kamar ɗaurin aure?"

Rana ta biyu na sake sa a yi sanarwa, na kuma hau. Na bi gefe kamar yadda na gani ana yi, na tsaya a kusurwa na dafa ɗan bangon da ya kewaye rufin. Ban taɓa ganin garin nan daga sama ba. Ga Dala a bayana kusa-kusa, ga hasumiyoyin masallatai, ga rufin kwano iya ganin ido, ga shirwa tana komawa gida. Can yamma na hango Goron Dutse kamar yadda maigidan ya faɗa. Ban tsaya kallo ba. Na fuskanci inda rana ta faɗi, na juya hagu rabin juyi, na miƙe hannu. Benen Alhaji ya koma gefe. Tsakaninsa da wata doguwar bishiyar dabino akwai fili, sama a buɗe har ƙasa. Na riƙe wurin a raina. Na tsaya har aka kira isha'i, sauro ya gama da ƙafafuna, sannan yaron ya bugo ya ce an tsayar da rokar ana dab da tashi, wani abu ne bai yi daidai ba.

Daga nan magana ta fara dawo mini. Wasu sun ce takaba ce ta taɓa ni. Wata ta ce mijina nake nema a sama. Gwaggo tana kawo mini su ɗaya bayan ɗaya kamar cefane. Ban damu da su ba kamar yadda na damu da abin da yaron ya faɗa mata: kowace ɗagawa tana ɗan matsar da lokacin, idan aka sake ɗagawa abin zai wuce da sauran hasken rana, ba wanda zai ga komai daga Kano. Ya kuma ce ya samu tikitin, biya kawai ya rage. A kwanakin nan hular da nake ɗinkawa ba ta ƙaru da komai ba. Ina ɗauka ina ajiyewa. Da na ji motsin iska sai in fito in duba sama, ko da tsakar rana ce.

Rana ta uku Gwaggo ta ce ita kam ta gaji da yawon sanarwa, mutane sun fara tambayarta ko kuɗin kallo za a karɓa. Na ce ta je. Ta je.

Tun la'asar hadari ya fara haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin, irin na ƙarshen damina mai zuwa da iska. Yamma da kudu kuwa tas. Na riƙa fitowa ina duba shi, ina komawa. Yaron ya bugo ya ce yau kam rokar ta tashi, tana hanya, a shirya. Daidai nan ladan ya kira magariba.

Gwaggo ta ce, "Hau yanzu, kya yi salla in kin sauko."

Na ce, "Salla tukuna."

"Yaya, abin nan ba zai jira ki ba!"

Na tayar da salla. Ba zan ce hankalina duka yana cikinta ba, Allah ya yafe mini, amma ban gaggauta ba, ban kuma rage komai ba. Na sallame, na ɗaure hijabina a ƙugu don kada iska ta ja ni, na taka tsani. Gwaggo ta riƙe shi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya, muryar yaron tana fita.

Da na kai sama na ga ba ni kaɗai ba ce. Duk da gulmar da aka yi, Hajiya da 'ya'yanta da surukarta suna saman bene. A wasu gidajen mata sun hau matakala, wasu sun hau kan katanga. Maza sun fito daga masallaci sun tsaya a bakin lungu inda ya ɗan buɗe. Kuma dukkansu, manya da yara, sun fuskanci wuri guda: yamma sak, saitin Goron Dutse, inda aka saba neman jinjirin watan azumi da na salla. An gaya musu kudu maso yamma, Gwaggo ta faɗa a kowane gida. Amma mutumin birni idan aka ce ya nemi abu a sama bayan magariba, wuyansa ya riga ya san inda zai juya.

Na bi gefe zuwa kusurwata. Na sa Goron Dutse a damana, na nemi dabinon, na miƙe hannu. Iska ta fara kaɗawa daga bayana, mai sanyi, da ƙamshin ruwa.

Na ji muryar yaron daga ƙasa: "An kunna, Gwaggo. Yanzu. Duba yanzu."

Ba komai. Sama ja-ja daga ƙasa, shuɗi-shuɗi daga sama, tauraro ko ɗaya bai fito ba ta wajen. Na sake jera dunƙule. Na ce ko na juya fiye da kima. Na ce ko dabinon ne ya tare. Na ji wani a lungu yana cewa, "Yau ma an ɗaga!" aka yi dariya. Na ƙi sauke hannuna.

Sai na ga wani ɗigo, ƙasa da inda nake nema, dab da ganyen dabinon. Kamar tauraro, amma yana tafiya. Kafin in tabbatar, wani farin abu ya fara buɗewa a bayansa, yana faɗi, kamar an ɗiga nono a ƙwaryar ruwa. Ya yi ta buɗewa har ya fi wata girma nesa ba kusa ba, ɗigon yana gaba yana jan sa zuwa hagu, ba ƙara, ba gaggawa.

Mai takaba ba ta ɗaga murya, ni kuma ko ba takaba ba na yi. Na buɗe dunƙulen kawai na nuna da yatsa. Hajiya ce ta hango ni daga bene. Ta bi yatsan da ido, sai ta ƙwala ihu:

"Jama'a ku juya hagu! Ba wata ake nema ba! Ga shi can, inda mai takaba ke nunawa!"

Na ji unguwa ta juya. Salati ya tashi daga kan katangu, maza suna kabbara a lungu, yara suna tsalle suna cewa ga shi, ga shi. Ni ban ɗauke idona ba. Na bi shi har ya wuce filin nan, farin ya fara bajewa yana dusashewa, ɗigon ya shige bayan benen Alhaji.

A ƙasa yaron yana ta tambaya, "Gwaggo, kin gani? Mece ce wannan hayaniyar? Kin gani?"

"Ni ina riƙe da tsani, me zan gani ban da bango? Tambayi wadda ke sama."

"Wa ke sama?"

Ba ta amsa ba. Ta hau tsanin 'yan matakai, ta miƙo mini wayar ta kan bangon, ta kuma sauka da sauri yadda ba zan iya mayar mata ba. Na tsaya da waya a hannu, iska tana kaɗa hijabina.

Na ce, "Ni ce."

Ya ce, "Umma? Ke kika hau? Saman ɗakin Baba?"

"Na gani," na ce. Sai na ba shi labarin a jere. Na ce da farko ɗigo ne. Bayan haka farin ya buɗe. Sannan ya yi hagu kamar yadda ya faɗa, ya shige bayan bene. Na ce, "Amma ka ce dunƙule biyu. Bai cika biyu ba. Saura kaɗan dabino ya tare mini shi."

Na ji yana jan hanci, yana kuma dariya. Ya ce, "Ko hannunki ne, Umma, ko kuma lissafina ne. Zan duba."

"Ka duba. Aiki idan za a yi shi, a yi shi daidai." Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a bayan hannuna. Na ce, "Babanka ya ce sai ka gama. Ni ma abin da na ce ke nan. Ba wanda ke fushi da kai a gidan nan."

Ya ce, "To, Umma."

"Kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci."

"Ba ka ci. A muryarka na ji."

Gwaggo ta ɗago kai daga ƙasa ta ce, "Shekara talatin ba ku yi hira ba, sai yau da hadari ya taso? Sauko, Yaya, kafin rufin nan ya kai ki ɗakin mijinki ta sama!"

Na sauko da baya, mataki bayan mataki. Muna shiga rumfa ruwa ya kece. A daren ɗakin maigidan ya yi yoyo ta tsakiya, muka tara bokiti da kwanoni.

Yaron bai biya tikitin ba. Na fita takaba ba da daɗewa ba, Gwaggo ta koma Gwale ta bar mini wayar. Duk Juma'a yana bugowa. Ba ma daɗewa, kuma har yau ban kira sunansa ba, amma ni nake ɗauka. Wata Juma'ar ya ce ya duba, lissafinsa ne ya ɗan kauce, ba hannuna ba.

Ya gama karatunsa ya dawo ana dab da wata daminar. Kwana kaɗan da zuwansa ya shiga ɗakin babansa ya ga inda ya yi yoyo, ya sa aka kawo ƙasa aka kwaɓa, ya naɗe ƙafar wando ya jingina tsani. Har ya ɗora ƙafa na ce ya dakata. Ya juyo.

Na ce, "Ka bi maƙwabta ka sanar tukuna."

Ya je ya dawo. Na riƙe masa tsanin, na ce ya bi gefe, kada ya taka tsakiya.